Ƙanƙarar Inna

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, wata Talata cikin damina, na buɗe ƙaramar ƙofar gidan ƙanƙara na firij ɗinmu, na jawo faranti, sai ruwa ya zubo mini a ƙafa. Na san lokacin daidai saboda tsohon agogon Baba yana hannuna, na ƙara wa madaurinsa huda biyu don ya zauna. Da sassafe da na duba, ƙanƙarar ta kama kamar dutse. Yanzu kuwa ɗan ɓawo ne kawai yake yawo a kan ruwa.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, na zo dogon hutu daga makarantar kwana. Muna zaune a Abuja ta da, wadda daga baya aka ɗauke mata suna aka kai wa sabon birni. Ba lantarki a unguwarmu. Firij ɗin na kananzir ne, Baba ya same shi a hannun wani abokin aikinsa a ofishin gona da aka yi wa canji zuwa nesa. An ajiye shi a wani ɗan ɗakin ajiya da ke manne da ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. A ƙasansa akwai tanki mai faɗi da ake jawowa waje, a bayan tankin akwai lagwani da 'yar kwalba kamar ta fitilar ƙwai. In an kunna aka mayar da tankin, kwalbar sai ta tsaya daidai ƙarƙashin wani bututu da ya hau ta baya har sama. Zafin da ke bin bututun nan shi ke kawo sanyi. Baba ya yi mini bayanin yadda hakan ke faruwa sau biyu, na gyaɗa kai, amma gaskiya ban gane ba sai bayan shekaru.

Ni ya damƙa wa kula da shi tun ran da na sauka daga mota. Ya ce ya lura ba na barin littafi a buɗe, saboda haka ba zan bar ƙofar firij a buɗe ba. Kullum ƙarfe shida na safe nakan jawo tankin, in gyara lagwani da tsohuwar reza, in duba harshen wutar ya zama shuɗi ba ja a bakinsa, in mayar. A ƙarshen turawa akwai wani ɗan tudu, sai an ɗaga gaban tankin kaɗan kafin ya shige ya ce ƙas.

Inna tana da ciki a daminar nan, da laulayi irin wanda ban sake gani ba. Ƙamshin daddawa daga gidan maƙwabta ya isa ya tayar mata da zuciya. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Abu ɗaya aka gano: in ta tsotsi ƙanƙara tukuna, to kunu cokali goma ko sha biyu yakan zauna mata. In babu ƙanƙara, ko ruwa dawowa yake. Ungozomar asibitin garinmu ta ce in aka ci gaba a haka sai an kai ta babban asibiti an kwantar, kuma Inna tana tsoron wannan fiye da shi kansa laulayin.

Ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma a gaban mutane ba ta cika dubana ba. A ɗakin Kaka na tashi. Ban taɓa jin haushin haka ba, don duk 'yan farin da na sani haka suke da iyayensu. Amma ƙanƙarar nan ta ba ni hanyar shiga ɗakinta sau biyu a rana. Nakan naɗe ta a farin ƙyalle, in farfasa da gindin ludayi, in zuba a ƙaramin kwano, in zauna a bakin gado. Ita kuma ta juya fuska wajen bango tana tsotsa. Wani lokaci takan ce, “Ke, kin ci abinci?” Ba ta jiran amsa. Ni kuwa in wuni ina juya tambayar a raina.

Ran Talatar nan na shiga da kwano da ruwa mai ɗan sanyi. Ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Ta juya fuska wajen bango. Kunun ya huce a gefen gado, na fita da shi yadda na shigo da shi.

Na koma ɗakin ajiya na jawo tankin. Wuta tana ci lafiya, shuɗiya, ba hayaƙi. Kananzir ya fi rabi. Na mayar na ji ƙas. Washegari da safe ƙanƙara ta dawo kamar ba a yi komai ba, ta kuma kai har yamma. Na ce a raina wataƙila ni ce ban rufe ƙofar da kyau ba. Ran Asabar abin ya sake faruwa.

Daga nan na ware shafukan baya na littafin lissafina na ja layuka. Ba mu da ma'aunin zafi, sai na ƙirƙiro nawa da tsinken tsintsiya. In tsinke ya karye a kan ƙanƙarar, in rubuta “dutse”. In ya huda ya shiga, “ɓawo”. In ba abin hudawa, “ruwa”. Ina dubawa ƙarfe shida, da sha ɗaya, da biyu, da huɗu, da bayan magariba. Tsakanin bakwai da goma ba na gida, domin a hutu Baba yakan tura ni ƙarin karatun allo gidan wata malama a bayan kasuwa. A gefen kowace rana ina rubuta duk abin da na lura da shi: sau nawa aka buɗe ƙofa, me aka saka a ciki, rana aka yi ko hadari.

Kaka takan leƙo ta same ni a tsugune da tsinke da fensir.

“Malama, yau me majinyacin ya ce?”

“Ɓawo ne, Kaka.”

“To Allah ya ba shi lafiya. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an hura wa abu wuta a gindi an ce ya yi sanyi ba. Ko ni aka yi wa haka, wata rana sai na ƙi.”

Na bi abin ɗaya bayan ɗaya, yadda ake koya mana a ajin kimiyya. Na sa takarda a bakin ƙofa na rufe na ja, ko robar ta saki. Ta riƙe takardar ta kowane gefe. Na ɗora faranti da ruwa a samansa in ga ko ya karkace, na tarar ya ɗan yi hagu, na cusa ɓallin katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya har ruwan ya kwanta daidai. Na tace kananzir da tsohon ɗankwali sau biyu. Na ɗaura tsumma a waya na zura cikin bututun daga sama, baƙin da ya fito bai cika cokali ba. Na sauya lagwani. Na hana kowa saka tuwo da ɗumi. Mai nonon da ke kawo mana kindirmo daga rugarsu takan roƙi a ajiye mata ƙwarya guda zuwa ta dawo daga kasuwa, ranar da na ce mata a'a sai da na yi ta maimaita maganar a raina tun daga soro, kuma da na faɗa, ƙasa nake kallo. Ta ce, “Ba komai, 'yar boko,” ta ɗauki kayanta. Har yau ina jin kunyar wannan, don ƙwaryarta ba ta da laifin komai.

Duk da haka, kwana biyu dutse, rana ɗaya ruwa. Kwana ɗaya dutse, kwana biyu ruwa. Kuma kullum salon ɗaya ne: shida na safe lafiya, sha ɗaya ta fara gumi, biyu ɓawo, huɗu ruwa. In na duba wutar da yamma in same ta lafiya lau, kafin gari ya waye ta sake kamawa. Na gwada ɓoye wa Inna ta safe a cikin buhu da ƙaiƙayi, amma ba ta wuce azahar.

A rana ta goma sha ɗaya na zauna na bi layukan nan da yatsa, sai na ga abin da ban lura da shi ba a da. Duk ranar da na rubuta “ruwa”, a gefenta na rubuta cewa an kwana ana ruwan sama. Ranar da aka yi ruwa da rana kawai, ba abin da ya samu ƙanƙara. Na sake bi daga ƙasa zuwa sama. Babu ko ɗaya da ta kauce.

Na kai wa Baba littafin bayan ya ci abinci. Ban iya yi masa bayani da baki ba, sai na buɗe shafin na miƙa. Ya gyara tabarau ya daɗe yana dubawa.

“Aikinki ya yi kyau,” ya ce. “Amma ɗakin nan ba ya yoyo. Me ya haɗa ruwan sama da abin da ke cikin ɗaki?”

Ban sani ba. Washegari ya zo da wani Bayarabe mai gyaran risho da fitilun gas a bakin tasha, mutum mai fara'a da ƙaton tumbi. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya buga gefen firij ɗin da tafin hannu, ya kara kunne. Baba ya nuna masa littafina. Ya riƙe shi nesa da ido ya yi dariya, ba ta raini ba.

“Oga, wannan yarinya zai zama likita. Amma firij ba ya sani ruwan sama. Maganin ciki ne ya kwanta. Mu juya shi, kai ƙasa, ƙafa sama, kwana ɗaya. Zai tashi.”

Aka kira maza biyu aka kifa shi. Kaka ta tsaya a ƙofa ta riƙe haɓa.

“Yanzu kuma sujada aka sa shi? To, Allah ya karɓa.”

Kwana ɗaya yana kife, rabin kwana yana hutawa kafin a kunna, sannan sai da ya ɗauki wani wunin kafin ya kama. Kwana biyu da rabi Inna ba ta ga ƙanƙara ba. Na riƙa jiƙa ƙyalle a ruwan randa ina ɗora mata a goshi. A rana ta biyu ta kama hannuna ta riƙe, idonta a rufe, ban sani ba ko ta san hannun wa ta kama. Ban motsa ba har ta saki.

Ya yi kwana uku lafiya, duka ukun ba a yi ruwan dare ba. A na huɗu aka yi, da yamma na zubar da ruwa daga faranti. Ranar Laraba ce. Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce ya gaji da gwaje-gwaje. Akwai motar ofishinsu da za ta Kaduna ran Asabar, za a ɗora firij ɗin a kai wa masu gyaran gaske. Na san abin da wannan ke nufi. Injin ban ruwa na ofishinsu da aka kai gyara tun kafin in tafi makaranta bai dawo ba har lokacin. Yanzu ko ba komai Inna tana samun ta safe kullum, ta yamma wani lokaci. In mota ta tafi da shi, ba ta safe ba ta yamma, sai asibiti.

Na so in ce a bar shi. Na buɗe baki, Baba ya dube ni yana jira, sai na ce, “To.”

Daren Juma'a aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye ran Juma'a tsakar gidanmu ta zama tafki, murhun da ke ƙarƙashin rumfa ya cika da ruwa, tokar ta zama taɓo. Alhamis da Juma'a ba a karatun allo, kuma tun da abin ya fara ba a taɓa yin ruwan dare ya faɗo a waɗannan ranaku ba. Wannan ce safiya ta farko bayan ruwa da zan wuni a gida. Ƙarfe shida na gyara lagwani na mayar da tanki. Baba ya tura babur ɗinsa ya fita. Na ɗauki wani littafin labarin ƙasa na shige bayan buhunan dawa a ɗakin ajiyar, inda taga ke kawo haske, na ƙudura ba zan tashi ba sai na ga lokacin da ƙanƙarar za ta fara gumi da idona.

Bakwai da kwata na ji sallama. Muryar maƙwabciyarmu ce, wata 'yar Gbagyi da danginta ke Kubwa, wadda take kawo wa Kaka doya a kafaɗa duk kaka.

“Mama, kin kwana lafiya? Ruwa ya kashe ni wuta. Ashana ma duk ya jiƙe.”

“Ai kowa haka ya kwana. Kawo fitilar.”

Kaka ta shigo ɗakin tana ɗingishi, da 'yar fitilar gwangwani a hannu. Na ɗauka ba ta gan ni ba. Ta dafa firij ɗin ta sunkuya da ƙyar, ta jawo tankin waje kamar wadda ta saba. Ta zaro tsinke daga tsintsiyar da nake gwajina da ita, ta zura ta bakin kwalbar, ya kama, ta kunna fitilar. Sannan ta miƙe tana cewa wash, ta sa ƙafa ta tura tankin. Ya tafi har ya ci karo da ɗan tudun nan ya tsaya. Ba ƙas.

Kafin takwas wasu mata uku suka biyo bayanta. Matar mai ɗinki, da wata tsohuwa mai ƙosai da ta ce yau ta makara, da amaryar gidan liman. Kowacce da fitilarta ko tsumma a kasko, kowacce ta rufe wutar da ƙoƙo ta fita tana taka duwatsu. Daga baya na riƙa jin ƙamshin hayaƙi yana tasowa ta kan katanga, gida bayan gida. Ta ƙarshe Kaka ta kunna wa kanta, ta tafi hura murhunmu a kan wani fasasshen kasko.

Na fito na kwanta rub da ciki, na leƙa ba tare da na taɓa komai ba. Wutar tana ci, shuɗiya, kyakkyawa, amma kwalbar tana gaban bututun da kamar faɗin yatsa biyu. Zafin yana tashi yana bin bayan firij ɗin a banza. Fiye da mako uku ina duba wutar nan, kuma kullum sai na jawo tankin tukuna sannan in duba. Ban taɓa kallon inda yake tsaye kafin in taɓa shi ba. Da yamma in mayar da shi daidai da hannuna, in gyara abin ban san na gyara ba. Na ɗaga gabansa na tura. Ƙas.

Na koma bayan buhuna na zauna, littafin a cinyata. Murna ta zo, ta wuce da sauri. In na gaya wa Baba, na kai ƙarar mahaifiyarsa ke nan, kuma zai san kwana biyu da rabin nan da Inna ta yi a kwance ba ci daga ina suka fito. In na yi shiru, gobe mota za ta zo. Na duba ƙarfe sha ɗaya: dutse. Ƙarfe biyu: dutse. Huɗu da minti ashirin tsinke ya karye. Na farfasa na kai wa Inna, ta sha kunu har ta kankare kwanon, ta ce da bango, “Yau ta yi daɗi.”

Na sami Kaka a ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale a faifai. Na zauna na sa hannu ina taya ta. Sai da muka kusa gama reshe uku.

“Kaka.”

“Na'am, Malama.”

“Da safe ina bayan buhuna.”

Hannunta bai tsaya ba. “Na ga ƙafarki. Na ce karatu ne ya kai ki.”

Na gaya mata, ina kallon zogale. Na ce ba wutar da ake ɗiba ce matsalar ba, tankin ne ba ya komawa wurinsa. Na nuna mata faɗin yatsa biyu. Na ce duk ranar da ya tsaya a nan, Inna ba ta cin abincin yamma.

Yanzu kam ta ajiye reshen. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin Inna.

“Ashe ni ce,” ta ce a hankali. “Ni ina nan ina yi wa majinyaci addu'a, ashe ni nake kwantar da shi. Yarinyar nan tana kwance da yunwa.” Ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙin ɗanyen itace ne tun safe.

Na ce, “To yanzu yaya za a yi? Gobe motar za ta zo. Ko za a ce musu su daina zuwa?”

Ta juyo ta dube ni sosai, irin kallon da ba ta cika yi mini ba.

“Ubanki ki bar ni da shi, ni na haife shi, daga bakina zai ji, motar kuma ta tafi da buhunanta kawai. Amma wuta ba zan hana ba. Mace ba za ta tsaya a ƙofata da yara ba su karya ba in ce mata ta koma. Bayana ne ba ya sunkuyawa, ƙafa kuma ba ta san ƙas ba. Daga yau in an kwana ana ruwa, malamarku ta jira. Ke za ki tsaya ki ba su da hannunki, ki gaishe su da baki, ba da ka ba, sannan ki mayar da abinki yadda kike so.”